Inda Hannu Ya Ƙare

A shekarata ta biyu a Doha ina zaune a Mansura, a hawa na uku na wani tsohon bene da ke bayan tashar jirgin ƙasa, mu shida a ɗaki ɗaya mai gadaje masu hawa biyu. Aikina gadi ne a ƙofar wani ofis, kuma mafi yawansa rubutu ne: wa ya shiga, ƙarfe nawa, wa ya fita. Da yake Turanci na karanta a jami'a kafin in zo, duk wanda takarda ta gagara a gidan ni yake kawo wa. Ticha suke kirana, ko da yake ban taɓa koyar da kowa ba.

Wanda yake kwana a gadon da ke ƙarƙashin nawa mutumin Gana ne, haifaffen Zango a Accra, ya girme ni da shekara uku ko huɗu. Shi ma gadi yake yi, amma ba gadin ne ya dame shi ba. Ɗan wasan besbol ne. Kafin in san shi ban taɓa ganin wasan ba. Mutum ɗaya ne yake tsayawa a kan ɗan tudu ya jefa wata ƙwallo mai girman lemo da taurin dutse, wani kuma yana jira da kulki ya buge ta. Shi majefi ne. Wani baƙo ne ya koya musu a filin makarantarsu, ya ce, kuma cikin duk waɗanda suka koya shi kaɗai bai daina ba. Ba ya ɗaukar kaya da hannun dama, ko ledar burodi ce. Idan za a kunna na'urar sanyaya ɗaki sai ya naɗe gwiwar hannun da tawul tukuna.

Hausarsa ta Zango ce, wadda ba ta damu da raba mace da namiji ba. Yakan ce, “Uwata shi ya kira ni jiya.” Akwai wani dattijo direba a ɗakin, mutumin Kano, muna kiransa Baba, ba ya barin wannan ta wuce.

“Kai ɗan Gana, wai ku a Zango duk kun mai da mata maza ne?”

“Baba, ai ku kuka cinye naman Hausar tun a Kano. Abin da ya iso mana ke nan.”

Wata Juma'a cikin watannin sanyi, bayan mun dawo daga masallaci, ya zaro takardu biyu daga ƙarƙashin katifarsa ya ɗora a kan cinyata. Ya daɗe yana aika hotunan bidiyo na jifansa ga wani ejan, mai haɗa 'yan wasa da ƙungiyoyi, sai ga amsa biyu sun zo a mako ɗaya. Ƙungiya ɗaya a Japan take, ɗaya a Turai. Yana jin Turancin magana sarai, amma ya ce na kwantiragi wani yare ne dabam.

“Ticha, juya mini su cikin Hausa. Kar ka taƙaita. Ina so in ji su a kunne.”

Na karanta su a tsaye, layi bayan layi, ina juyawa da baki. Ta Turai shekara biyu ce, da ɗaki nasa shi kaɗai, wasa kuwa ƙarshen mako kawai. Ta Japan kakar wasa ɗaya ce, albashinta bai kai na waccan ba, wasa kusan kullum, kuma suna iya sallamarsa duk ranar da suka ga dama. Sai dai ya ce a can ne masu neman 'yan wasa na manyan ƙungiyoyi suke zama a bayan raga da na'urar auna gudun ƙwallo. A Turai babu mai zuwa kallon kowa.

“To mene ne na tunani?” in ji Baba daga kan dardumarsa. “Shekara biyu da ɗaki. Khalas, shi ke nan. Kai da kake kwana a ƙarƙashin mutum.”

“Baba, in kwanciya nake nema ai ga ta nan.”

“Can Japan ɗin akwai masallaci? Wa zai yanka maka kaza?”

“Kifi na nan. Kifi ba ya son yanka.”

Aka yi dariya, amma shi bai yi ba. Ya ce in koma wurin maganar rauni, a duka biyun. Ta Turai layi ɗaya ne: ƙungiya za ta ɗauki nauyin maganin duk raunin da ɗan wasa ya ji a bakin aiki. Ta Japan kuwa jeri ta yi na sassan jiki a shafi na ƙarshe. Na duba na ce, “Za su yi maganin raunin kai, da fuska, da hannu, da ƙafa.” Haka na faɗa. Na sha maimaita wannan jimla a raina tun daga ranar, kuma ba ni da shakka a kan yadda ta fito.

Ya karɓi takardun ya ce ejan ya ba shi mako guda. Baba ya ce ya yi istihara. Ɗan Gana ya ce ya riga ya yi, zai kuma ƙara, amma sai ya tambaye shi tukuna.

Ban tambayi wane ne “shi” ba. Na ɗauka mahaifiyarsa yake nufi, tunda haka yake ambatonta, kuma na ga Baba ma ya gyaɗa kai kamar wanda ya ji magana ta hankali.

Ranar hutuna ta faɗo Litinin. Ya roƙe ni in same shi a wurin aikinsa a Al Wukair, in zo da takardun, domin a karanta wa shi. Na zaci waya za mu buga Accra. Na hau jirgi daga Mansura, na canja, na sauka a Wakra, na hau bas har inda gidaje suka fara yin nisa da juna. Safiyar ta zo da hazon nan mai laima da ke tasowa daga teku, wanda yakan watse da hantsi, amma ranar bai watse ba.

Wurin da yake gadi rukunin gidaje ne da aka gama ginawa ba a tare ba. Layi biyu suna fuskantar juna, launi ɗaya, ƙofa iri ɗaya, har yanzu da leda a jikin mariƙin kowace ƙofa. Fitilun titi suna kunne da rana tsaka. Ina cikin tafiya sai na ji wani huci a gefena, na ja da baya. Ashe bututun ba ciyawa ruwa ne ya tashi da kansa, sai na gaba ya tashi, sai na gaba, har suka ɓace cikin hazon. Babu mota ko ɗaya, babu shanya, babu kyanwa. Ban ji takun kowa ba sai nawa.

Na same shi a ƙarshen layin. Ya jingina tsohuwar katifa a bangon gida na ƙarshe, ya zana murabba'i a tsakiyarta, ga bokiti cike da ƙwallaye a gefensa. Ya cire rigar yunifom ya rataye.

“Yaya, akwai sabis a nan kuwa? Ka kira ta mu fara.”

“Kira wa?”

“Mahaifiyarka.”

“Uwata? Wa ya ce uwata?” Ya naɗe hannun rigarsa ta ciki har kafaɗa, ya miƙo mini hannun dama, ya juya shi gwiwar tana sama. “Ga shi nan.”

Na tsaya ina kallon hannun. Ya fi na hagu kauri, wannan kowa a ɗakinmu ya sani. Abin da ban taɓa lura da shi ba shi ne ba ya miƙewa duka. Ya ɗan lanƙwashe a gwiwa, kamar mutumin da ya karkato kai yana sauraro.

Ya ba ni labari a taƙaice. Shekaru da suka wuce, a Accra, gwiwar ta yi masa magana ana tsakiyar wasa, wata 'yar ƙara, ya ƙi ji ya ci gaba da jifa. Ya shekara ba ya iya ɗaga kofin shayi. Tun daga nan ba ya yanke komai a kan wasa sai ya tambaya.

“Yaya, ka yi haƙuri da tambayata. Wannan bai yi kusa da abin da aka hana ba?”

“Ticha, Allah nake roƙo, ba shi ba. Amma shi zai yi aikin. Kai za ka yarda a ɗauke ka aiki ba ka ji sharaɗi ba? Yalla, maza fara da ta Turai. Ɗaga murya.”

Na tsaya a gefe na fara karantawa, shi kuma ya fara jifa. Yakan ɗaga ƙafar hagu, ya tsaya cak, sannan jikin duka ya zube gaba. Ƙwallon ba na ganinta sai dai in ji ta a katifa. Muryata tana zuwa bangon gidajen da ke fuskantarmu tana dawowa a makare, har ya zama kamar wani ne a cikin ɗaya daga cikinsu yake bin karatuna. A jifa na bakwai ko na takwas na ji wata ƙara da ba ta katifa ba ce. Ƙas. Kamar an karya tsinken ashana. Tsakanina da shi ya kai taku goma, kuma na san abu mai ƙanƙanta haka bai kamata ya iso kunnena ba. Amma na ji, kuma na ci gaba da ji a kowane jifa har na kai ƙarshen takardar.

Ya tsaya, ya sunkuyar da kai wajen gwiwar, ya yi magana ƙasa-ƙasa kamar mai lallashin majinyaci. Ban ji abin da ya ce ba.

“Ɗayar,” ya ce.

Na fara ta Japan. Ƙarar tana nan a shafi na farko, tana nan a na biyu, tana nan a wurin da aka ce suna iya sallamarsa. Na iso shafi na ƙarshe na ce, “kai, da fuska, da hannu,” daidai lokacin da ya saki ƙwallon. Katifar ta yi ƙara har ta zame daga bango. Gwiwar ba ta ce komai ba.

“Sake faɗi.”

Na sake. Ya jefa. Shiru. Sau biyar ya sa ni na maimaita layin, sau biyar babu ƙas. Ina so in rubuta cewa jini ne ya ɗumama a gaɓar, domin wannan ne bayanin da hankali ya fi karɓa, kuma mai yiwuwa shi ne gaskiya. Abin da na gani dai shi ne tsigar jikin wannan hannu ta tashi daga wuyan hannun har kafaɗa, na hagu kuwa lafiya lau.

“Ka gani?” ya ce, yana haki yana murmushi. “Ya ji an ambaci sunansa. Waɗancan sun ce duk rauni, duk rauni. Wane ne duk rauni? Ba su san shi ba kwata-kwata. Waɗannan sun kira shi.”

A gabana ya ɗauki waya ya yi wa ejan saƙon murya cewa a gode wa mutanen Turai, ba zai je ba. Washegari ya kai wa kamfaninsu takardar ajiye aiki, kafil, wato ubangidan da ke riƙe da bizarsa, ya karɓa ba gardama. Saura ya sa hannu a ta Japan kafin la'asar ɗin Alhamis.

Ya roƙe ni in rubuta masa fassarar a takarda don ya tafi da ita. Ranar Laraba, a teburina na ƙofar ofis, tsakanin baƙo da baƙo, na zauna ina rubutawa. Rubutu ba kamar magana ba ne. Sai ka ajiye kowace kalma a gaban 'yar'uwarta. Da na zo jerin shafi na ƙarshe na ƙirga kalmomin Turancin, biyar. Na ƙirga nawa, huɗu.

Na gane inda ɗayar ta shiga. Turanci yana da kalma ta ƙafa daga cinya zuwa idon sawu, da wata ta tafin ƙafa, kuma duka biyun suna cikin jerin. Ni na haɗe su na ce ƙafa, ban yi kuskure ba. Haka kuma yana da kalma biyu a inda mu muke da hannu: ɗaya daga wuyan hannu zuwa yatsu, ɗaya daga wuyan hannu zuwa kafaɗa. A jerin, ta farkon ce kaɗai. Ta biyun ba ta nan. A ƙasa kuma, da ƙananan haruffa, an rubuta cewa abin da ba a lissafa ba yana wuyan ɗan wasa. Na karanta masa wannan layin ma ranar Juma'a, bai dame mu ba, domin a Hausar da na ba shi babu abin da aka bari.

Wato idan ƙwallo ta fasa masa yatsa za su yi magani. Idan gwiwar ta tsinke, nasa ne. Takardar da ta ɗauki nauyin gwiwar ita ce wadda ba ta kira sunan kowa ba, kuma ita ce aka mayar.

Wani baƙo ya tsaya a gabana yana miƙo katinsa, ban san tsawon lokacin da ya yi ba.

Daren nan ɗan Gana bai kwana a gida ba, wayarsa kuma a kashe. Ban same shi ba sai Alhamis da azahar, a ɗaki, yana ninke kaya cikin akwati. Baba yana nan, bai fita aiki ba. Na zauna a bakin gadon ɗan Gana na faɗa masa komai yadda yake, ban rage laifina ba. Ya saurara bai katse ni ba. Da na gama sai ya jawo akwatin, ya shimfiɗa hannun dama a kansa.

“Nuna mini. A wurinsu, ina hannu ya ƙare?”

Na ɗora yatsana a wuyan hannunsa. Fatar da zafi, kamar ta mai zazzaɓi.

“Nan. Daga nan zuwa sama, har gwiwa, har—”

“Rage murya.” Ya fizgo tawul ya rufe gwiwar. Ba wasa a fuskarsa. Baba ya buɗe baki zai yi tsokana, ya dube shi, ya fasa.

Na ce a kira ejan a dawo da ta Turai. Ya kira a gabanmu. Ejan ya ce tun Talata suka ɗauki wani. Na ce to bari in rubuta wa na Japan su ƙara kalma ɗaya a jerin, kalma ɗaya tak, na ma riga na tsara wasiƙar.

“Ticha, kai boko ya yi maka yawa,” in ji Baba, a hankali. “In na je neman aikin tuƙi na ce a rubuta mini maganin ido, me za su fara dubawa?”

A waje ana ta hon a layin shaguna.

“Za su sa shi a na'urar hoto ta asibiti,” in ji mutumin Gana. “In suka sa shi a na'ura, khalas.”

Sai a lokacin na fahimci cewa ya san abin da ke cikin gwiwar fiye da yadda ya taɓa faɗa mana. Aiki ya tafi, ta Turai ta tafi, shekarunsa kuma sun kai inda ba a aiko wa majefi takarda sau biyu. Na ce masa laifina ne, kuma zan faɗa wa duk wanda ya kamata. Ya ce, “Wa za ka faɗa wa? Kai Hausa ka yi. Hausar ce ba ta yanka hannu gida biyu ba.”

Muna nan har aka kusa kiran la'asar. Sannan ya cire tawul ɗin da kansa, ya ninke, ya ajiye.

“Ba zan tafi da shi a kan ƙarya ba. Karanta masa daidai.”

Na karanta. Na ce kai, da fuska, da hannu daga wuyansa zuwa yatsu, da ƙafa, da tafin ƙafa. Abin da ba a lissafa ba yana wuyan ɗan wasa. Hannun yana kwance a kan akwati, ba jifa ake ba, ba motsi ya yi ba. Ƙas. Baba ya ce, “A'uzu billahi,” ya janye ƙafafunsa. Don haka ba ni kaɗai na ji ba, kuma wannan ne dalilin da ya sa na yarda in rubuta.

Ɗan Gana ya ɗauki biro da dama. Yatsun suka ƙi haɗuwa a kansa, ya faɗi. Ya ɗauka, ya sake faɗi. Ban sani ba ko ƙin yi suka yi, ko rawar jiki ce irin ta wanda aka gaya wa mummunan labari. Ya dubi hannun ya daɗe.

“To. Shi ba zai sa ba. Ni zan sa.”

Ya mai da biron hagu ya rubuta sunansa, harafi bayan harafi, a karkace kamar na mai koyo. Akwai layin shaida a ƙasa. Ya turo mini. Na karanta abin da zan shaida sau biyu: cewa mai sunan ya sa hannu a gabana, da yardarsa. Na sa nawa. Ya ɗauki hoton shafin ya aika, sannan muka tafi masallaci.

Biza ta ɗauki 'yan makonni. A cikinsu bai ƙara zuwa jifa ba, ya ce yana ba shi hutu, kuma bai sake tayar da maganar ba. Yana ci da mu, yana tsokanar Baba kamar da. Da dama yake cin abinci, na lura, da dama yake gaisawa da kowa a masallaci.

Ranar tafiyarsa Baba ne ya ce zai kai shi filin jirgi. Muka sauko da akwatin da safe, masu shaguna suna ɗaga ƙofofi. Ɗan Gana ya bi 'yan ɗakinmu ɗaya bayan ɗaya yana ba su hannu, ana Allah ya kiyaye hanya, ana a turo hoto. Ni ne na ƙarshe. Na miƙa masa dama. Ya ɗan yi jim, kafaɗarsa ta motsa, hannun bai taso ba. Sai ya miƙo mini hagu.

“Kai ɗan Gana, wane irin rashin ladabi ne wannan?” in ji Baba daga cikin mota.

Bai kula shi ba. Ya matso kusa da kunnena, ta ɓangaren hagunsa.

“Yi haƙuri, Ticha. Ni na yafe tun ranar. Shi ne bai huce ba.”

Na karɓi hagun da hannu biyu. Ya shiga mota, ya ɗora hannun dama a kan cinyarsa, ya rufe shi da tawul, Baba ya ja.